Irin Ƙullun Ramban Hananya

Ranar Alhamis da la'asar na buɗe tulun, na cusa hannu cikin garin alkama har wuyan hannu, ban taɓa komai ba. Na sake cusawa. Na juye garin duka a kan tire, na baza shi da yatsu kamar matar da ɗan kunnenta ya faɗi. Gari ne kawai.

Shekara talatin da ɗaya ke nan ina yin gurasar Kurbana, wato Jibin Ubangiji, a dayarar Anjilimala, gidanmu na masu zuhudu da ke kan dutse. Sunana Korah, ana ce mini Shemmashan, domin a matsayin da ke ƙasa da firist na tsaya, ban kuma taɓa neman hawa ba. Aikin gurasa ba shi da wata wuya. Garin alkama, ruwa, gishiri, ɗigon man zaitun, sai iri. Iri shi ne ɗan ƙullun da ake gutsura daga kwaɓin yau a binne cikin gari a tulu, don ya tayar da kwaɓin gaba. Ana gutsurarsa kafin a buga wa gurasa hatimi. Ko akuyar dayara ta san wannan.

Namu kuwa ba kamar na kowa ba ne. Ramban Hananya, babban mai zuhudun da ya kafa gidan, shi ya zo da shi daga duwatsun Mosul shekara ɗari uku da arba'in da suka wuce, ɗaure a ƙirjinsa cikin tsumma, wata biyar a jirgin ruwa yana ciyar da shi daga rabonsa na gari. Tun daga nan rufin dayara ya ƙone sau biyu, sojoji sun wuce ta nan sun kwashe fitilun tagulla, kwalara ta taɓa barin mutum biyu rak a gidan, amma iri bai yanke ba. Kowace gurasa da aka ɗaga a bagadenmu tana da ɗan abin da ta gada daga ta farko. Haka muke faɗa, haka kuma na yarda.

Wannan labarin ne ya kashe ni. Wasu mutanen jami'a sun zo da na'urorin ɗaukar hoto, kwana uku suna ɗaukar littattafanmu na ganyen kwakwa da zanen bango da babban gicciyen dutse na tsakar gida. Shugabarsu, wata mata mai ladabi da tabarau, ta roƙi in bari su ɗauke ni ina yin gurasar Laraba. Na sa sabuwar riga. Na taje gemu, abin da rabona da yi har na manta. Aka haska mini fitila, bakina ya buɗe. Na kai gobarar farko ina mulmula ƙullu, na kai kwalara ina buga hatimi. Suka ce hasken bai yi ba, in ƙara buga ɗaya. Na ƙara. Suka ce wata ɗaya. Ina tsakiyar gaya musu cewa ba a taɓa samun hannun da ya manta ba, na buga wa gutsure na ƙarshe hatimi na ɗora shi a kan kasko. Har akushin kwaɓin na wanke shi tas, don matar tana son ɗaukar hoton tsohon katakonsa. Gurasar kuwa an ci ta tun ranar, ko da an rage ma, abin da ya ga wuta ba ya tayar da komai.

Asabar kuma ranar tunawa da Hananya ce. Dubban mutane za su hau dutsen, dole a kwaɓa ƙullu kafin faɗuwar ranar Juma'a.

Chandi mai dafa mana abinci ya tarar da ni a durƙushe ina kankare tsagar akushi da wuƙa, ko zan sami ɗan busasshen abu.

"Shemmashan, me akushin ya yi maka?"

Na ci gaba da kankara. Ya dubi garin da ke baje, ya dubi tulun a kife, ya cire tawul daga kafaɗa ya goge wuya. Chandi bai yi karatu ba, amma ba a yi masa bayani sau biyu.

"Duka?"

"Duka."

"A gaban masu hoto?"

"In dariya ka zo yi, yi ka gama, ina da aiki."

"Wane aiki kuma? Ai ka gasa aikin."

Ya turo ƙofa ya rufe, ya tsuguna kusa da ni ya rage murya. "Cokali biyu na bammin kwakwa. Da shi uwata ke tayar da wainar shinkafa, da shi taka ke tayarwa. Gobe da sassafe in karɓo maka mai kyau daga kan bishiya, ka ga ƙullu ya kumbura har ya fi na Hananya. Wa zai sani? Daga ni sai kai sai akushi."

"Sai Ubangiji."

"Shi ai tun jiya ya sani, bai kuma gaya wa kowa ba."

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ban daka masa tsawa ba. Na ce ya tashi ya ba ni wuri, amma maganar ta zauna mini daram. Na fita na zaga tsakar gida, na dawo na sake leƙa tulun da na san babu komai. Na kaɗa ƙararrawar addu'ar yamma kafin lokaci. A cikin addu'a na ɗauko baitin Suriyanci, harshen ibadarmu, na ranar Talata, sai da 'yan'uwa biyu suka juyo suka dube ni.

Bayan addu'a na kai wa Rambachan kunun shinkafarsa, da niyyar in faɗa masa. Ramban Skariah, wanda muke kira Rambachan, shi ne babban gidan, shekararsa tamanin da bakwai, idanunsa sun yi fari tun tuni. Shi ya karɓe ni ina ɗan shekara ashirin da bakwai, shi ya miƙa mini hatimin.

"Korah, takalminka ya ishe ni yau," ya ce. "Ka shige, ka fito, ka shige. Kunama ce ta shiga rigarka?"

"Shirin biki ne, Rambachan."

"To. Gaya musu ni zan tsaya a bagade jibi. A riƙe ni ta gefe biyu in ya kama, ba na jin zan kai wani bikin." Ya kurɓi kunu. "Gicciyen ma ba na ganinsa yanzu. Waƙa tana zuwa mini kamar daga ƙasan rijiya. Hanci kawai ya rage mini. In na ɗaga gurasar nan na ji ɗan tsamin nan nata, sai in san inda nake tsaye da waɗanda suka tsaya kafina. Me za ka ce ne? Na ji ka ja numfashi."

"Gishirin ya ji?"

"Ya ji."

Na karɓi kwanon na fito, ina jin kunyar kaina kamar in nutse.

Wuri ɗaya ne a duniya da irin Hananya yake banda tulunmu, na kuma san shi tun lokacin da hannuna ya taɓa gari babu komai, ƙin tunaninsa kawai nake yi. Majami'un ɓangarenmu duk daga wasu wurare suka samo nasu. Sai majami'ar bakin kogi, wadda dayararmu ta gina da hannunta shekara ɗari biyu da suka wuce ta ba ta iri. Can aka yi mini baftisma. Amma da rigimar shugabanci ta raba jama'armu biyu, su suka bi wancan ɓangare, mu muka bi wannan. Addu'a ɗaya, Suriyanci ɗaya, turare ɗaya, amma kowa yana cewa ɗaya ne ya bijire. An je kotu, an sa kwaɗo a ƙofofi, an kira 'yan sanda. Mai kula da majami'ar kuma mai yin gurasarta shi ne yayana Uthup, wanda ya gaji aikin daga mahaifinmu.

Da mahaifinmu Idikula, wanda muke kira Appan, ya rasu, na sauko da firist na ɓangarenmu don ya yi masa addu'a. Uthup ya tsaya a ƙofa ya ce firist ɗinsu ne zai yi. Gawar tsohon ta yini a kan titi cikin akwati, ruwa yana dukanta, muna musayar baƙar magana a kanta. A gaban kowa na ce gurasarsu gurasar bijirarru ce, na ce ba ni da wa. Na juya na hau dutse, aka binne shi ba ni nan. Shekara ashirin da biyu ke nan ban ga kabarinsa ba, ko da yake daga tagar ɗakina ana hango rufin majami'ar.

Da gari ya waye ranar Juma'a, Chandi ya nuna mini wata kwalba a bayan buhun shinkafa, ya ɗaga gira. Na wuce shi. Na ɗauki ɗan gwangwani mai murfi na jefa a aljihu, na ɗauki laima, na sauka matakala ɗari biyu da goma sha huɗu. Na ratsa gonakin roba, masu tsaga itatuwa suna gaishe ni ina amsawa da ka. Masu saida kyandir da soyayyar ayaba sun fara kafa rumfuna a gindin dutse. Dabarata mai sauƙi ce: in shiga ta baya, in haɗiye duk abin da Uthup zai gaya mini, in dawo da abu a aljihu, magana ta mutu. A kwale-kwalen fito mutane suka yi shiru da suka ga baƙar rigata ta nufi wancan tsallake.

Na same shi a bayan majami'a, zaune a kan kututturen kwakwa yana goge fitilar tagulla da tsamiya da toka. Ya tsufa. Kansa ya yi fari, wuyansa ya lanƙwashe gefe ɗaya, Appan sak.

"Wannan ƙofar baya ce," ya ce, bai ko ɗago ba. "Masu tsarki ta gaba suke shigowa, da 'yan sanda."

"Achayan."

Haka muke kiran wa, rabon kalmar da bakina kuwa tun ranar akwatin nan. Hannunsa ya tsaya a kan fitilar, sannan ya ci gaba da guga.

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu."

"To me ya sauko da kai? Ko dutsen ne ya gaji da kai?"

Na faɗa masa. Na faɗa a tsaye, ina kallon tokar da ke ƙasa, ban rage komai ba, har da taje gemu. Na shirya wa dariyarsa, na ma fi son ya yi ta, don in sami abin jin haushi. Bai yi ba. Ya ajiye fitilar ya juya wajen kogi.

"Sau nawa Appan ya buge maka hannu a kan wannan? Gutsura tukuna, surutu daga baya."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Tun kana ƙarami bakinka ke riga hannunka." Ya juyo. "Ba kai ne ka tsaya a bakin waccan ƙofar ka ce gurasarmu ta bijirarru ce ba?"

"Ni ne."

"Ta shiryu ke nan yanzu? Yaushe ta tuba ban ji ba?"

Na sa hannu a aljihu. Na zaro gwangwanin na miƙa masa. Ya dube shi kamar na miƙo masa mataccen ɓera.

"Mene ne wannan? Taba ka zo saye?"

"Ɗan kaɗan kawai, Achayan. Ba wanda zai ji."

"Korah, kai da ke ba masu hoto tarihi. Iri ba ya tafiya a aljihu. Wanda ke riƙe da shi shi ke kai shi, da rana tsaka, da kyandir a hannu, ya sa shi a tulu da hannunsa. Wanda ya roƙa kuma ya bi shi a baya ba takalmi, yana riƙe masa laima. Haka aka kawo shi nan daga wajenku, an zana a bangon can ciki, in ka manta ka shiga ka duba."

Ban manta ba. Na ma nuna wa matar jami'a irin zanen a bangonmu.

"Yau jajibirin biki ne," na ce. "Rabin gunduma tana gindin dutse. 'Yan kwamitinmu suna ƙofa. Kana so in bi ka a baya ba takalmi a gaban Punnoose shugabansu?"

"Ni ma ina da kwamiti, nawa ya fi naka baki. Ƙila gobe su karɓe makullan nan daga hannuna. Ban ce maka ina so ba. Na ce haka ake yi."

"So kake ka wulaƙanta ni."

"Kai ka gasa shi, ba ni ba."

Raina ya ɓaci, na mai da gwangwani aljihu na juya. Na faɗi wata magana a kan taurin kansa wadda ba zan maimaita ba. Na isa bakin fito na zauna a kan dutse. Rumfar masu bammi tana nan kusa, warinsa yana zuwa mini da iska, mai tsami, ba shi da nisa da ƙamshin ƙullu. Na ce a raina hancin ɗan shekara tamanin da bakwai ai ba abin tsoro ba ne. Na ce ko ya gane, ba zai tona ni a bagade ba. A nan ne dabarar ta rushe mini, domin na san gaskiya ce: zai ɗaga gurasar, ya shaƙa, ya yi shiru, ya ƙarasa addu'arsa ta ƙarshe shi kaɗai ba tare da waɗanda suka tsaya kafinsa ba. Bayan shi kuma duk wanda ya gaji hatimin zai riƙa ba baƙi labarin jirgin ruwa da tsumma a ƙirji, yana gutsura daga bammin Chandi.

Mai fito ya je ya dawo sau uku.

"Shemmashan, za ka haye ne ko kogin kake gadi?"

Na tashi na koma. Uthup ya riga ya yi wanka ya ɗaura farin zane, kyandir a hannun hagu, ɓawon kwakwa naɗe da farin ƙyalle rungume a ƙirjinsa. Ban tambaye shi yadda ya san zan dawo ba, don kada ya gaya mini. Na cire takalma na bar su a gindin kututture, na buɗe laima.

Ba zan ce tafiyar ta yi daɗi ba. Tsakuwa ta ci ƙafata, ruwa ya sauko, ni ina jiƙewa shi kuwa a bushe a ƙarƙashin laimata. Kyandir ya mutu sau huɗu, kowane lokaci sai ya tsaya in kunna masa. Kafin mu fita daga gonakin roba mutane sun fara bin mu. Wata tsohuwa mai saida kyandir ta gan mu, ta saki kayanta ta yi alamar gicciye, ita kam ta san abin da take gani. Sauran kuwa raɗa suke yi. A matakala gwiwar Uthup ta fara ba shi wuya. Yana hawa goma ya tsaya yana haki.

"Kawo in riƙe maka," na ce.

"Ka riƙe? Ai mun ga riƙonka."

A ƙofar dayara Punnoose shugaban kwamiti yana tsaye da mutanensa. Mutum ne da ya kashe rabin rayuwarsa a harabar kotu saboda rigimar nan, ba zan ce mugu ba ne. Ya ware hannuwa ya tare hanya.

"Shemmashan, me mutumin nan yake yi a nan? Me ya ɗauko? Kai kuma ina takalminka?"

Na buɗe baki zan yi magana ke nan. Sai ga Rambachan ya fito, Chandi yana riƙe da gwiwar hannunsa. Ashe Chandi ya hango mu tun daga ƙasa ya ruga ciki.

"Wa ke haki a matakalata kamar ɓauna?"

Yayana ya ce, "Uthup ne, Rambachan. Ɗan Idikula na bakin kogi."

"Ɗan Idikula. Ka tsufa, muryarka ta gaya mini." Ya juyo da fararen idanunsa daidai inda nake. "Korah, Punnoose ya yi maka tambaya."

Na faɗa. A gaban 'yan kwamiti da masu ziyara da masu soya ayaba, na ce na gasa irin Hananya ranar Laraba saboda ina ba da labarinsa, na wanke akushi, tulunmu babu komai. Na ce na yi niyyar ɓoyewa, na kusa sa bammi. Wani ya yi dariya a baya, wani ya ce masa ya rufe baki. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba, ban kuma taɓa jin sauƙi irin wanda ya biyo bayanta ba.

"Rambachan," in ji Punnoose, "irin mutanen can ne fa. Shekara nawa yana hannunsu. Me za a ce gobe?"

Tsohon ya miƙa hannu yana lalube har ya taɓa ƙyallen. Uthup ya buɗe masa gefe ɗaya. Ya sunkuya ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya daɗe.

"Na Hananya ne," ya ce. "Ya ɗan sha iskar kogi, shi ke nan. Punnoose, matsa, ruwa yana dukan mutane."

Uthup ya sa shi a tulu da hannunsa. Na lura dunƙulen ya yi girma, na ɗauka saboda kwaɓin biki mai yawa ne. Na kwaɓa kafin rana ta faɗi, yana zaune a kan buhu yana gyara mini yawan gishiri, ni kuma ina haƙuri. Gwiwarsa ta kumbura ba zai iya sauka ba, ya kwana a ɗakin baƙi.

Da asuba ƙullu ya tashi ya cika akushi har ya ɗaga ƙyalle. Na tsaya ina kallonsa, hawaye ya zubo mini. Na goge, na shafa wa hatimi mai, na mulmula na farko, na ɗaga hannu.

Tas, aka buge mini bayan hannu.

"Gutsura tukuna."

"Ai zan gutsura."

"Haka ka ce wa Appan ma."

Na gutsura na binne a gari, na rufe tulu. Na sake ɗaukar hatimi.

"Ƙara ɗaya," ya ce.

"Na me?"

"Tulunmu babu komai. Duka na kawo, har akushin na wanke. Gobe Lahadi, jama'ar bakin kogi za su zo Kurbana."

Na dube shi. Yana zaune yana murza gwiwa, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Achayan, rabi ma ya isa. Ka san rabi ya isa."

"Na sani."

"To ka tafi da shi mana in za ka sauka."

"Ni? Ai ba ni ke riƙe da shi ba yanzu. Ni mai roƙo ne." Ya miƙo mini ɓawon kwakwar da farin ƙyallen. "Ta ƙofar gaba ake shiga. Kabarin Appan yana hannun hagu in ka shiga, kusa da bishiyar mangwaro. Na sa an rubuta sunayenmu biyu a ƙasan nasa, kada ka tsaya nema kana ɓata wa mutane lokaci."

Rambachan ya tsaya a bagade a ranar, mutum biyu suna riƙe da shi. Da ya ɗaga gurasar ya ɗan jinkirta, ni kaɗai na san abin da ya tsayar da shi. Ban ji sauran addu'ar sosai ba, hankalina yana kan ɓawon kwakwar da na bari a ɗakin gurasa.

Da azahar muka kama hanya. Kyandir a hannuna na hagu, irin a ƙirjina, Uthup a bayana ba takalmi yana ɗingishi, yana riƙe da laima a karkace, ruwa yana ɗiga mini a ƙeya. Tun daga matakala ta farko yake mita, wai ina sauri, wai ban iya riƙe kyandir ba. A tsallaken kogi 'yan kwamitinsa suna tsaye a ƙofa, fuskokinsu a murtuke. Ban rage tafiya ba. Sai da na hango mangwaron ta saman katanga ƙafafuna suka tsaya da kansu.

"Wuce mana," in ji Uthup daga bayana. "Shekara ashirin da biyu yana jiranka, kuma hannuna ya gaji."